Yaushe Matafiyi Ke Daina Ƙasaru? Wasiƙa Daga Zangon Kumasi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Malaman da ke kula da wannan mujalla tamu mai albarka sun aiko mini cewa ɗalibai sun ishe su da tambaya, wai ina malaminsu na Fiƙihu ya shiga, kuma da gaske ne ya kwashi iyalinsa a mota sun tafi Gana? To, da gaske ne. Ina nan birnin Kumasi tun shekarar 2022, a ƙasar Asante, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Aka ce in rubuto labarin hanya da na zama, domin akwai matasan malamai da ake yi wa tayin aiki irin wannan a ƙasashen maƙwabta, suna son su ji daga bakin wanda ya taka. Na karɓa, amma da sharaɗin a bar ni in fara da mas'ala, don ka san hali zanen dutse ne.

Wanda ya yi Risala a hannuna zai tuna babin sallar matafiyi. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya nufi tafiyar da ta kai baridi huɗu, wato mil 48, zai mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu tun daga inda ya wuce gidajen garinsu. Idan kuwa ya isa wani wuri ya yi niyyar zaman kwana huɗu, to ƙasaru ta yanke, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Wannan darasi a aji ba ya cin rabin sa'a, har da tambayoyin yara. Amma tun da na zo nan na ga wata irin ƙasaru da ba ta cikin babin. Mutum ya shekara goma a gari, yana cika sallarsa daidai, amma sauran rayuwarsa duk raka'a biyu yake yi. Ba zai sayi gado ba sai katifa, ba zai dasa ko zogale ba, ba zai san sunan maƙwabcinsa ba, wai shi ai gobe zai koma gida. A kan wannan nake son mu yi magana, amma bari mu fara bin hanya.

Yadda abin ya faru shi ne, wani abokin karatuna ɗan Kumasi, wanda muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi lokacin neman ilmi, ya kira ni ya ce makarantarsu tana neman mai koyar da Nahawu da Fiƙihu na shekara biyu. Irin makarantun nan ne masu haɗa Arabiyya da boko, waɗanda tun 1987 hukumar ilmi ta Gana ta buɗe musu sashe na musamman. Na yi istihara, na yi shawara, sa'an nan na je na durƙusa gaban mahaifiyata. Ba ta hana ba, illa dai ta ce ita ba ta son tafiya a watan Safar. Na lallaɓa ta na ce, “Inna, wata ba ya cutarwa kuma ba ya amfanarwa, makaranta kuwa ba za ta jira mu ba.” Ku ɗalibai ku lura, Safar na wata da sodi ake rubuta shi, safar mai ma'anar tafiya kuwa da sin, kunne ne kawai ke haɗa su. Ta sa mana albarka, ta ƙulla wa yara ƙuli-ƙuli da dabino.

Me ya sa mota? Kuɗin jirgin sama na mutum huɗu ya fi ƙarfin aljihun malamin Islamiyya, ga kuma akwatin ƙarfe biyu na littattafai waɗanda ba zan iya barinsu ba. Allah Ya taimake mu, a watan Maris na 2022 Gana ta buɗe iyakokinta na ƙasa, bayan shekara biyu a rufe saboda annobar korona. Akwai hanya ta Nijar da Burkina Faso wadda ke shigowa Gana ta arewa, amma direbobi suka ce kada mu kuskura, saboda rashin tsaro a gabashin Burkina. Sai muka zaɓi ta Ikko da bakin teku.

Larabawa kan ce a nemi abokin tafiya kafin hanya, a nemi maƙwabci kafin gida. Rabin farko na wannan magana a tashar Kano na ga amfaninsa. Wani surukina ya haɗa mu da wani dattijo ɗan kasuwar atamfa mai zuwa Lome, wanda ya fi shekara ashirin yana bin hanyar. Shi ya zama madugunmu. Muka tashi bayan La'asar a farkon Satumba, wato cikin Safar na 1444, a babbar bas ta dare. Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna. Tsakanin Kaduna da Abuja babu wanda ya runtsa, kowa ya san halin da hanyar ke ciki a wannan shekara, motar tsit sai motsin leɓe. Asuba ta same mu dab da gadar Jamata kafin Lakwaja, kogin Kwara ya cika ya batse har yana lasar gonaki. Bayan wucewarmu da 'yan makonni, a farkon Oktoba, ruwa ya shafe hanyar a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Daga nan Okene, Ibadan, sai Ikko da yamma, ƙafafu duk sun kumbura.

Shawarata a kan irin wannan mota ɗaya ce: ka yi magana da direba a kan salla tun kafin a tashi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku same shi cikin girmamawa. Ka riƙe alwala gwargwadon iko, ka ajiye buta ƙarama kusa da ƙafarka. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi ya haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha, to ka karɓi sauƙin, kada ka tsaya kana rigima da yaron mota a bakin titi.

Muka kwana biyu a Agege wurin dangi, muna ta ƙasarunmu. Rana ta huɗu da asuba muka tafi Mile 2 muka shiga ƙaramar mota mai bin hanyar Badagiri zuwa iyakar Seme. A nan ne takarda ke aiki. Kowa da fasfonsa, har 'yar shekara huɗu, da katin allurar zazzaɓin shawara, mai launin ɗorawa, da kuma na korona wanda a lokacin ake tambaya. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasarsu ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Wanda zai bi ta arewa ya tuna Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ya tambayi masu zuwa da dawowa kafin ya ɗaura kaya.

Abin da ke rubuce ke nan. A ƙasa kuwa, shinge ne bayan shinge, wani ma kana iya hango na gabansa. Direba ya riga ya haɗa kuɗin shingaye cikin kuɗin mota, kai fasinja ba a nemi fatawarka ba. A ɗaya daga cikin iyakokin uku wani jami'i ya sa aka sauke akwatunana, ya ɗauki Alfiyya yana jujjuya ta a kife, yana tambaya wai wa zan sayar wa. Muka yi kusan sa'a biyu a rana. Dattijon nan ya matso ya raɗa mini, “Malam, kada ka ɗaga murya, kuma kada ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki, komai daɗin bakinsa.” Na ciro takardar gayyata ta makaranta na ajiye a kan tebur, na koma gefe na zauna. Da ya ga dai ba abin da zai fito, kuma layi ya taru, sai ya yi mana nuni da hannu mu tafi.

Kwatano gari ne na babura, 'yan acaɓarsu da riguna ruwan ɗorawa kamar an watsa fara, ga manyan kwalabe na fetur jere a bakin titi. Allunan hanya duk sun koma Faransanci, amma da muka tsaya cin abinci a unguwar Zango sai ga Hausa ta ko'ina. Gaba kaɗan, wajen Togo, hanya ta matso bakin teku, itatuwan kwakwa a jere, ruwa iya ganinka. Yarana ba su taɓa ganin abin da ya fi Tiga ba. Ƙaramar ta ƙanƙame uwarta, babban kuwa, ɗan malam, ya tambaya ko ana alwala da shi tun da an ce gishiri gare shi. Na ce ana yi, ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa. Da shiga Togo aka ce kowa ya mayar da agogonsa baya da sa'a ɗaya, domin Togo da Gana suna bayan Nijeriya da Benin a lokaci. Faɗin Togo a bakin teku bai fi daga Kano zuwa Wudil da ɗan ɗori ba, kuma iyakar Gana, wato Aflawo, a gefen birnin Lome take manne. A nan muka rabu da madugunmu, ya dafa kan yara ya yi musu addu'a, ya ƙi karɓar ko kuɗin goro.

Ka duba, a yini ɗaya mun taka ƙasa huɗu, mun riƙe kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi. Daga Ikko zuwa Akara, wadda mutanenmu na can ke kira Ankara, bai kai kilomita 500 ba, da kaɗan ya ɗara Kano zuwa Abuja, amma sai bayan Lisha muka shiga, bayan mun haye kogin Bolta a Sogakofe. Muka kwana a Nima, na yi Asuba a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Washegari muka yi kilomita wajen 250 cikin kurmi, gonakin koko da ayaba hagu da dama, duwatsun Nkawkaw sun rufe da hazo, muka sauka Kumasi rana ta biyar.

To, yanzu ga rabin magana na biyu, na maƙwabci da gida. Ɗakin da makaranta ta samar mana ciki da falo ne, a wani babban gidan haya a unguwar Aboabo. Dokar haya ta Gana ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma abin da aka saba shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wanda zai zo ya san da wannan, ya sa shi cikin yarjejeniyarsa da makaranta tun yana gida. Mu makaranta ce ta biya na shekara, ana cirewa a albashi kaɗan-kaɗan. Gidan ɗakuna ne kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, banɗaki biyu, mitar wuta ɗaya wadda ake raba kuɗinta a ƙarshen wata, kuma ba a taɓa rabawa ba a yi musu ba. A ciki akwai Dagwamba, da Bazabarme, da Bamoshe, da Bayarabe, da wata Batoniya Kirista mai rumfa a kasuwar Kejetiya. Babu zaure. Wannan shi ya fi damun maiɗakina, wadda ta tashi a gidan da namiji baƙo ba ya wuce soro. A nan kuwa kowace mace a ƙofar ɗakinta take girki, kowa na wucewa yana gaishe ta.

Ranar da muka sauka na bi liman La'asar raka'a huɗu, domin niyyar shekara biyu ta wuce kwana huɗu nesa ba kusa ba. Amma jakunkunanmu wata guda suka yi a jingine, ana zaro riga a mayar da zif. Damina biyu ake yi a nan cikin shekara, kuma mun faɗo cikin ta biyu. Wanki ya kwana biyu bai bushe ba, gishiri ya narke a gwangwani, littattafai suka fara fumfuna a cikin akwati. Wani malami a makaranta ya ce mini littafi a Kumasi ba ya son akwati, sai kanta, nesa da bango, da ƙwayar kafur a lungu, kuma a riƙa shanya shi duk ranar da aka samu rana. Wato ko littattafan ma sun ƙi zaman ƙasaru. Kafinta ya zo ya kafa kanta, shi ne ƙusa na farko da muka buga a bangon.

Mai gidanmu dattijo ne, kowa na ce masa Baba Alhaji. Ranar da ya shigo yi mana barka da zuwa ya hangi jakunkunan nan masu ratsin ja da shuɗi, sai ya yi dariya ya ce, “Malam, mene ne sunan wannan jaka a garinku?” Na yi shiru, don ka san sunan: Gana-mas-go. Sunan ya samo asali daga 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda, mutanen Gana masu ɗimbin yawa suka cusa kayansu a irinta suka kama hanya. Ya ce kada in ji kunya, su ma sun yi nasu. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Yana yaro a lokacin. Ya ce ya ga maƙwabta suna sayar da gida a kuɗin akuya, ya ga waɗanda aka haifa a Kumasi, aka haifi iyayensu a Kumasi, an loda su a manyan motoci zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Daga labarinsa na ɗauki abu na farko: kafin kwana casa'in ɗina su cika na je na nemi takardar izinin zama da katin shaida na baƙi. Zama lafiya da mutanen gari ba ya maye gurbin takarda, ranar da iska ta juya ita ake tambaya.

Abu na biyu ya fi nauyi. Ya ce kakansa daga ƙasar Kano ya zo fataucin goro, da niyyar ya yi rani ɗaya. A wancan zamani, kafin mota da jirgin ƙasa, ayarin fatake kan tashi daga Kano da jakuna, da madugu da jagaba, ɗauke da kanwa da baƙin yadi da fatu, su haye Kwara su bi ta Borgu da Zugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su yi watanni a hanya, su juyo da goro. Inda ayari ya yada kaya ya kwana, shi ne zango. Yaƙin basasa na 1892 ya watse kasuwar Salaga, mutanenta suka bazu, wasu suka gangaro kudu. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya koma Kete-Karaci ya yi ta karantarwa da rubutu cikin Larabci da Ajami har ya rasu a 1934. Alhasan Ɗantata ma ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya koma Kano ya shahara da gyaɗa. To ka ga wasu sun koma, wasu sun zauna, kuma duka biyun babu laifi. Waɗanda Baba Alhaji ke jin takaicinsu su ne na uku, waɗanda ba su koma ba kuma ba su zauna ba. Ya ce kakansa an yi masa tayin fili lokacin da fili ba a bakin komai yake ba, ya ce me zai yi da fili a ƙasar mutane. Bai yi ginin kirki ba, bai sa ɗa ko ɗaya a boko ba, kullum baɗi zai tafi. A maƙabartar Tafo aka binne shi. Unguwannin da aka shekara fiye da ɗari ana haihuwa ana mutuwa a cikinsu, har yau sunansu zango.

Ni ban ce mutum ya manta da gida ba, Allah Ya kiyaye. Kuma ban ce kowa ya sayi fili ba, ni ma ba ni da kuɗinsa. Abin da na gani shi ne mai jiran baɗi ba ya amfanar garin da ya baro, kuma ba ya amfanar wanda yake ciki. Malamin da ya ɗauki kansa ɗan ci-rani ba zai damu ya san iyayen ɗalibansa ba, ba zai fara littafin da ya san ba za a sauke shi cikin shekara ɗaya ba.

Harshe kuwa abin mamaki ne. Hausa ce harshen zango, Dagwamba da Bazabarme da ita suke ciniki, amma Hausa ce da ba ta raba namiji da mace, kowa “ya zo” ne, kuma sau da yawa “da kyau” sai ka ji “da cau”. Wannan ya shafi aikina kai tsaye. A Kano idan zan koyar da muzakkar da mu'annas sai in ce wa yaro kamar “ya tafi” da “ta tafi”, shi ke nan ya gane. A nan babu wannan tsani, dole na nemi wata dabara, na riƙa tsayar da yaro da yarinya gaban allo ana nuna su ana maimaita fi'ili. Ina roƙon duk wanda zai zo kada ya yi wa Hausarsu dariya. Mutanen da suka riƙe harshe tsawon wannan zamani a tsakiyar Tuwi da Turanci, ba a makaranta ba, ba a jarida ba, yabo ya kamace su. Yanzu ɗana kan shigo ya ce “Umma ya ce ka zo.” A cikin ɗaki nakan gyara masa, a tsakar gida kuwa nakan ƙyale shi. Ni ma na koyi ɗan Tuwi na gaisuwa, akwaaba wato maraba, medaase wato na gode, kuma wallahi kalma biyun nan sun rage mini kuɗin kaya a kasuwa.

Abinci bai ba mu wuya ba, domin rabin abin da ake sayarwa a titin Gana sunan Hausa gare shi. Waakye ɗin da suke alfahari da shi wake da shinkafa ne, ana dafa shi da karan dafi ya yi ja. Ga koko da ƙosai da safe, ga tuwon zafi da miyar lalo, ga tsire. Fufu ne kawai har yau muke kallon-kallo da shi, an ce ba a tauna shi, ni kuwa haƙorana ba su yarda ba.

Jarrabawa ta zo a ƙarshen shekarar. Darajar sidi ta faɗi, a Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Albashin da aka yanka mini a Satumba ya zama ba ya kai mu ashirin ga wata. Wata rana da dare maiɗakina ta ce, “Malam, mu koma gida mana, ko ba komai can akwai dangi.” Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen zangon karatu, don akwai amanar yara a wuyana. Kafin lokacin ya cika sai ga labari daga gida, canjin takardun naira ya sa mutane na kwana a layin banki. Ko'ina dai da nasa. Abin da ya tsayar da mu a zahiri matan gidan ne. Batoniyar nan, wadda da farko maiɗakina ke ɗari-ɗari da ita, ita ta kama hannunta ta kai ta Kejetiya ta nuna mata inda ake sayen kaya a sari. Hajiya matar Baba Alhaji ta sa ta cikin adashinsu, wanda a nan ake kira susu. Da suka ji ƙamshin ɗakinmu suka tambaya, sai ga sana'a ta buɗe: turaren wuta da humra irin na gida, da alkaki idan ana biki. Da ta kwashi adashinta na farko, ka san abin da ta saya? Turmi da taɓarya. Na dawo daga makaranta na tarar da shi a ƙofar ɗaki, ƙato, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, amma tun daga ranar ba a sake tayar da maganar komawa ba.

A 2023 Allah Ya ba mu ɗa namiji, ranar Juma'a. Ina ta tunanin yadda mace za ta yi jego ba uwa ba ƙanwa, ashe an riga an gama shiri ba da sanina ba. Hajiya ta ɗauki nauyin ruwan wanka safe da yamma, matar Bazabarme ta karɓi yara, Bayarabe ya kawo rumfa da kujeru ranar suna, limamin unguwa ya raɗa suna. Batoniya kuwa ta ce ita ba ruwanta da sunan da muka sa, ɗan Juma'a a wurinsu Kofi ne, kamar yadda mu ma muke cewa Ɗanjuma. Har yau haka take kiransa, shi kuma yana waiwayawa. Da cibiyarsa ta faɗi, Hajiya ta karɓa ta binne a bayan gida, gindin wata darbejiya. Ka san abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce ga inda aka binne cibiyar wane. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin.

Da shekara biyun suka cika a 2024 makaranta ta nemi in ƙara, na kira Inna, ta ce in dai ana karatu a zauna. A Babbar Sallar shekarar na je gida ni kaɗai, ta hanyar nan dai. Wasu daga cikinku sun gan ni. A Muhtasar da sharhohinsa an ambaci abubuwan da ke yanke ƙasaru ko da babu niyyar kwana huɗu, daga ciki akwai shigar mutum garinsa na asali matuƙar bai ƙaurace masa da niyyar barinsa ba, da kuma shigarsa garin da matarsa ke zaune. Na yi ƙasaru a Akara, na yi a Ikko, na yi a Lakwaja. Ina shiga Kano na cika. Da na juyo, ina shiga Kumasi na cika. Tsakaninsu fiye da kilomita 1,800 ta hanyar da muka bi. Ɗalibai 'yan aji shida, ku duba wannan mas'ala ku kai wa malaminku, ku tambaye shi hukuncin wanda ya ratsa ta garinsu kawai bai sauka ba.

Saura roƙo ɗaya ga masu kula da mujalla. Na gaya wa Baba Alhaji cewa labarin kakansa zai fito a Kano, ya ce sai ya gani da idonsa. Ba ya karanta boko, amma Ajami kamar ruwa. Don Allah a juya wannan rubutu a ɓangaren Ajami, a ba direbobin goro masu zuwa Kumasi kwafi biyu, su ajiye a masallacin unguwarmu. In da hali a biya wurin Inna a karɓo mana yaji, na nan bai kama ƙafar nata ba.